Kofin Ruwa a Ɗaki Na Sha Huɗu

Ƙarfe biyun dare a gidan tsofaffi na Aurora,
ƙararrawar ɗaki na sha huɗu ta kira ni.
Orval ne. Ƙishirwa, kamar jiya.
Na murɗa famfo, na cika kofi, na miƙa.
Bai sha ba. Ya ɗaga shi saitin fitila,
yana dubawa kamar mai neman kamannin ɗansa a fuskar baƙo.
"Talatu," ya ce, "wannan nawa ne.
Na san shi tun yana da laka."

Na yi dariyar masu aikin dare,
wadda ba ta wuce haƙora.
Shi bai yi ba.

Can kudu, in ji shi, a kwarin Arkansas,
kakansa ya haƙa rabonsa na magudana da alfadarai biyu.
In layi ya zo kansu, ko tsakar dare ne,
sai ya zura takalmin roba, ya saɓa shebur,
ya ɗaga ƙyauren ruwa, ya bi shi kunya-kunya,
yana lallaɓa shi kamar mai kora tumaki.
Kankana, albasa, masara, ciyawar shanu.
Watan Agusta motoci na tsayawa bakin titi,
Verna na yanka musu su ɗanɗana,
yankan farko ba ta karɓar ko sisi.

Sai mutanen birni suka zo da farar mota da takardu.
Ba ƙasa suke so ba. Ƙasa ta zauna inda take.
Ruwan kawai.
Kamar a sayi numfashin saniya
a bar maka saniyar a turke.

Trujillo ya fara sa hannu, bashin banki ya kai masa iya wuya.
Sai Nakada, 'ya'yansa sun tafi, ba mai niyyar waiwaye.
Duk wanda ya sayar, magudana ta ƙara ramewa,
kuɗin yasarta ya ƙara nauyi kan waɗanda suka saura.
Shekara shida Orval na cewa a'a.
A ta bakwai likita ya ga wani abu a ƙirjin Verna.
Bai san alƙalami na da nauyi ba, in ji shi, sai ranar.

Kuɗin ya sayo mata shekara biyu.

Makaranta ta rufe, yara ba su kai a kaɗa musu ƙararrawa ba.
Mai gyaran tarakta ya loda kayansa.
Coci ya koma mutum tara da mai kiɗan molo.
Busasshiyar ƙaya ta dunƙule, iska na mirgina ta
har bakin ƙofa, ba sallama.
Abin da ya tsiro daga baya gidan yari ne,
fitilunsa ba sa buƙatar ban ruwa.

Ban gaya masa ba
cewa a fadamar Hadeja na yi wayo,
na ga babana tsaye cikin shinkafa
yana jiran ambaliyar da aka tare can sama.
Ban gaya masa ba
cewa da wannan ruwan nake alwala,
da shi nake wa Hajjo wanka, ta yi ta fantsama ina dariya.
Ruwa ba ya tsami banza,
amma wannan garau yake, ba ya tona asirin kowa.

Ya kurɓi rabi.
Na nufi kwata da sauran, ya riƙe mini hannun riga.
Ya nuna taga, inda tumatirinsa ke cikin gwangwani,
ganye biyar, fure ɗaya.
"Daga gefe," ya ce. "A hankali.
Kar ki zuba masa a ka. Bar shi ya nemo saiwar da kansa."

Na zuba yadda ya ce.
Ƙasar ta yi ɗan ƙara, ta shanye.

Da asuba na fito.
Famfunan feshi sun tashi a harabar gida,
suna juyi, suna shayar da ciyawar
da ba akuyar da za ta ci,
rabin ruwan na gangarawa kan kwalta.
Na tsallake shi.
Ban iya takawa ba.